SAYEN TSOHON GIDA: A DUBA KAFIN A BIYA

A watan Satumba na 2024 ruwan sama ya rushe tsohon masallacin Birni na Damagaram, ginin ƙasa da ya haura shekara 150 a tsaye. A daminar 2024 gidaje dubbai suka faɗi a Nijar. Wannan ishara ce ga duk mai niyyar sayen tsohon gida a Gure, ko ma'aikaci ne da aka yi wa canjin wurin aiki, ko makiyayi da ya sayar da dabbobinsa don ya samu matsuguni cikin gari.

Da rani kowane gida lafiyayye ne. Damina ke tona asiri. Saboda haka sabon yaɓe da farar ƙasa kada su ruɗi mai saye, ya yi wa rogo kallon kitse. Wajibi ne ya tafi da magini, a fara da gindin bango, inda laima da kanwa ke cin ƙasa har ta koma gari. Bangon ƙasa da aka shafe da siminti a ƙwanƙwasa shi: in ya yi ƙarar holoƙo, shafen ya rabu da bango, ruwa kuwa yana shiga ta tsaga ya kwanta a ciki.

Sa'an nan a ɗaga kai. Gara takan cinye azara daga ciki ta bar bayanta sumul, sai an soka wuƙa ake ganewa. Rufin da ya lotsa, da indararon da ke zuba ruwa a jikin bango, duka alamun kashe kuɗi ne. A lura da rairayin da iskar hunturu ke tarawa a jikin katanga ta gabas, domin nauyinsa yana tura ta. A auna tsakanin salga da rijiya, a kuma tambayi maƙwabta inda ruwa ke bi in an yi mamako, gama gidan da ke cikin kwari ba ya gyaruwa.

Aibi mafi girma kuwa ido ba ya ganinsa. Tsofaffin gidaje da yawa na gado ne, kuma magaji ɗaya ba shi da ikon sayar da rabon ƴan'uwansa. Kafin ko dala ta fita, a ga takardar fili, a tabbatar da ita a ma'aikatar magajin gari, a ji ta bakin mai unguwa, a rubuta ciniki gaban shaidu.

Mai sayarwa shi ma yana da nauyi a wuyansa: shari'ar Musulunci ta hana ɓoye aibin haja. Jami'ai kuma su sauƙaƙa binciken takardu ga talaka, musamman waɗanda suka yi yaƙi da jahilci suna iya karanta abin da za su sa wa hannu. Ladan magini na yini guda bai kai kuɗin tada bango ba, balle ran da bangon zai danne. Sayen nagari, mai da kuɗi gida.