Wasiƙa a Buɗe ga Ma'aikatan Lafiya na Kamfanonin Sharaɗa, Chalawa da Bompai: Matsayin Hoton MRI a Sankarar Mama

Na'urar MRI tana ɗaukar hoton cikin jiki da ƙarfin maganaɗisu, ba ta amfani da hasken eksire. Idan mama za a duba, mace tana kwanciya rub da ciki na kusan rabin awa, a yi mata allurar wani ruwa mai suna gadoliniyam ta jijiya. Tsiron sankara yana da yawan jijiyoyin jini, don haka yakan sha ruwan da sauri ya fito fili a hoto. Da wannan ne na'urar take gano fiye da kashi 90 cikin 100 na sankarar da ta fara kutsawa cikin naman mama.

Kaifin ganinta yana da illa. Takan nuna ƙullutun da ba sankara ba ne, a tayar wa mace hankali, a ƙara mata kashe kuɗi. Kuma hoto, komai kyansa, ba ya yanke hukunci. Matar da ta zo ɗakin shan magani na kamfanin roba a Sharaɗa da ƙullutu a mama ko kaluluwa a hammata tana buƙatar abu uku a jere: likita ya duba da hannu, a yi sikanin ko mamogiram gwargwadon shekarunta, sannan a tsakuro ɗan nama da allura a kai ɗakin gwaji. Takardar turawa zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko Asibitin Murtala a ranar da ta zo ita ce babbar gudunmawar ma'aikacin lafiya. Yawancin matan Najeriya suna isa asibiti ne cutar ta kai mataki na 3 ko na 4. Abin takaici ne leburar da ke karɓar albashi kaɗan ta shafe watanni tana tara kuɗin MRI alhali ba a taɓa tsakurar ƙullutun ba.

MRI yana da wurinsa, kuma likitan tiyata ko na sankara ne yake nemansa: auna faɗin tsiro kafin a yanke shawarar cire mama duka ko sashensa, duba ko allurar kemo ta rage shi, neman tushen cutar idan a hammata kaɗai ta bayyana. A 2007 Ƙungiyar Yaƙi da Sankara ta Amurka ta ba da shawarar hoton MRI shekara-shekara ga matan da suka gaji lahani a ƙwayar halitta ta BRCA1 ko BRCA2.

Batun ƙarfe ya shafi unguwannin Sharaɗa, Chalawa da Bompai kai tsaye. Maganaɗisun na'urar a kunne yake dare da rana, kuma yana iya motsa ɓurɓushin ƙarfen da ya taɓa shiga ido a wurin walda ko gurza, har ya lalata gani. Wajibi ne a rubuta irin aikin da mace ta yi da duk raunin da ta taɓa samu a bakin inji, haka ma na'urar bugun zuciya ko ƙarfen tiyata. Mai juna biyu ba a yi mata allurar gadoliniyam, mai ciwon ƙoda kuma sai an gwada jininta tukuna. Idan hoton na bincike ne ga mai jinin al'ada, an fi son kwana na 7 zuwa na 14 daga farawarsa. A sanar da ita tun daga gida cewa za ta cire ɗan kunne da fil ɗin mayafi, ta goge kwalli, kuma na'urar tana da ƙara sosai.