Kafin ki tura kuɗin wancan kwikwiyon



Idan kina da yaro mai lalurar galahanga, wadda mu a asibiti muke kira otizim, wayarki ta riga ta gane haka. Sau ɗaya za ki nemi bayani a kan yaron da ya yi jinkirin magana, shi ke nan, Facebook da TikTok su yi ta turo miki bidiyo. Wanda ya fi yawo a cikinsu shi ne na wani kare mai gashi murɗe-murɗe kamar na ɗan rago, yana kwanciya a jikin yaron Bature da ke tsakiyar kuka da buga kai, sai yaron ya lafa. Mata da dama sun nuna mini irinsa a wurin awo da rigakafi a nan Sabuwa, kuma tambayarsu ɗaya ce: Sista, ina ake samun wannan karen, nawa ne kuɗinsa?

Ba tambayar raini ba ce. Uwar da ta shekara biyar tana jiran ɗanta ya kira ta Mama, wadda aka ce mata iska ce, aka ce sammu ne, aka ce ita ta shagwaɓa shi, duk abin da ta ga ya kwantar wa wani yaro hankali dole ta bi shi da ido. Kuma ba ita kaɗai ba ce, Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa yin ƙiyasin cewa kusan yaro ɗaya cikin ɗari na da wannan lalura.

Karen da kike gani ruwa biyu ne, an haɗa wani jinsi da ake kira Fudul da wani jinsin daban. Wanda ya fi suna, Labradudul, wani mutum mai suna Wally Conron ne ya fito da shi a Ostareliya a 1989, lokacin yana aiki da ƙungiyar da ke horar da karnukan yi wa makafi jagora. Wata makauniya ce a Hawai ke buƙatar kare, amma jikin mijinta ba ya shiri da karnuka. Cikin 'yan kwikwiyo uku da aka haifa, ɗaya ne kawai bai tayar wa mijin da ciwo ba. Daga baya 'yan kasuwa suka karɓe abin, suna haɗa duk karen da suka samu, har a 2019 Conron ɗin da kansa ya fito ya ce yana nadama. Don haka idan mai talla ya ce miki wannan kare ba ya tayar da asma ko ƙaiƙayi, ki san cewa abin da ke tayar da su yana cikin yawu da ɓurɓushin fata, kuma kowane kare yana da su.

Sannan wancan na cikin bidiyo babban kare ne da aka yi kusan shekara biyu ana horarwa. Abin da za a aiko miki a kwali daga Abuja ko Legas, idan ma an aiko bayan kin tura kuɗin, jariri ne. Zai ciji yatsa, zai yi fitsari a tabarma, zai yi haushi cikin dare, zai yi tsalle ya dafe yaro ba sanarwa. Ki tuna ɗanki shi ne mai toshe kunne idan an kunna injin markaɗe a maƙwabta. Gashin nan mai kyau a hoto kuwa ba ya daina tsawo, sai an taje shi kullum an kuma aske shi duk bayan wata ɗaya da rabi ko biyu. Ki ƙiyasta shi a zafin watan Afrilu, ko da kaka lokacin da ƙarangiya ta nuna, ga kaska. Wa zai yi wannan hidima? Ke ce, a kan wadda kike yi.

Maganar addini fagen malamai ce, ku tambayi naku ke da maigida. Abin da kowa ya sani shi ne an yi rangwame a kan karen gadi, na kiwo da na farauta, shi ya sa karnukanmu suke waje ba a ɗaki ba. Amma ko da malam ya ba ku mafita, akwai uwar miji, akwai abokiyar zama, akwai yaran maƙwabta da iyayensu za su hana su shigowa. Yaron da dama abokai suka yi masa ƙaranci, ban ga dalilin ƙara masa abin da zai nisanta mutane da shi ba.

In da kuɗin a hannunki, ni dai shawarata ki fara kai yaron a duba shi. A gwada jinsa tukuna, domin akwai yaran da ake ta kira masu galahanga alhali kunne ne. Asibitin koyarwa na Shika a Zariya da asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna duk suna ganin yara irin waɗannan.

Duk wannan bai kore cewa dabba na iya taimakon yaro ba, kuma abin da ya fi burge ni a binciken da aka yi shi ne ba sai kare ba. A 2013 wata mai bincike, Marguerite O'Haire, ta kai ɓeran Masar azuzuwan firamare a Ostareliya, aka ga yara masu otizim sun fi yin magana, sun fi kallon fuskar 'yan'uwansu da murmushi idan dabbar na wurin fiye da in kayan wasa aka ba su. A Jami'ar Misuri ta Amurka kuma an gwada ba wasu iyalai kyanwa mai sanyin hali, iyayen suka ce damuwar yaran ta ragu. Ƙananan bincike ne, iyalan ba su da yawa, kuma babu wanda ya ce dabba tana warkar da galahanga. Abokiyar zama ce da ba ta tilasta wa yaro ya kalle ta cikin ido, ba ta ce masa "gaishe da Baffa" sau goma.

Irin wannan abokiyar kuwa muna da ita a tsakar gida. Kyanwa babu mai ƙyamarta a addini, ba ta haushi, ba a aske ta. Akwai zomo, akwai tattabaru ga yaron da ya fi son kallo a kan taɓawa. Na san yaran da za su yi awa guda suna kallon tattabara na tashi tana sauka, su da ba sa iya zama minti biyar a wuri ɗaya.

Kada ki sayo ki kawo masa bagatatan. Ki kai shi gidan da ke da dabbar, sau uku ko huɗu, a lokacin da ba ya jin yunwa ko barci. Ki zauna gefe ki yi shiru. Yana matsawa da kansa? Yana leƙenta ta gefen ido? Wannan ma sha'awa ce, yawancinsu haka suke kallon abin da suke so. Idan ya toshe kunne, ya ɓuya a bayanki, ko ya fara kaɗa jiki fiye da yadda ya saba, ki bar shi, wata shida nan gaba ki sake gwadawa. Ita ma dabbar ki lura da ita. Babbar kyanwa da ta saba da hayaniyar yara ta fi ƙarama, don halinta ya riga ya bayyana. Ki taɓa bayanta, ki ɗaga ta, ki tafa hannu kusa da ita. Wadda ta zabura ta kai karta ba taku ba ce, komai kyan launinta.

Idan ta shigo gida, ki ba yaron aiki ɗaya tak, a lokaci ɗaya kullum, misali zuba mata ruwa bayan sallar la'asar. Yaranmu suna son abin da ba ya canzawa, kuma a nan za ki samu kafar cusa kalmomi: ruwa, zo, ci, a hankali. Ki riƙe hannunsa ki nuna masa yadda ake shafawa. Wasu ba su san ƙarfin hannunsu ba, suna iya matse zomo har ya mutu ba da mugunta ba, saboda haka kada ki bar su su biyu babu babba, kuma dabbar ta samu wurin gudu da hannunsa ba ya kaiwa.

Yanzu ga wadda ta fi damuna, don ita babu ta a bidiyon Turawa. Da yawa za ku ce ai ga akuya a gida, ga ɗan rago, kuma gaskiya ne yara suna shaƙuwa da su sosai. Amma a wurinmu akuya asusu ce. Ranar da aka rasa kuɗin taki ko na magani, kasuwa za a kai ta. Rago kuwa Babbar Sallah yake jira. Yaron da kuka yi kwana uku kuna fama da shi saboda an canza masa kofin shan koko, ki yi tunanin safiyar da zai fito ya tarar ana feɗe abokinsa. Ba zai iya faɗa miki abin da ke cinsa ba, sai dai ki ga ya daina cin abinci, barci ya gagara, fitsarin kwance ya dawo. Idan akuya ce zaɓinsa, ku zauna da maigida a yi magana a fili cewa wannan ta fita daga lissafin sayarwa da yanka. In ba zai yiwu ba, kada a bari shaƙuwar ta yi nisa.

Kuma mu a Sabuwa, Faskari da Ƙanƙara mun san ba kasuwa kaɗai ke raba mutum da dabbarsa ba. Ɓarayin daji suna kora awaki da tumaki, ba su damu da kyanwa ba. Iyalai nawa ne suka kwashe cikin dare zuwa Funtuwa, suka ƙare a ɗaki ɗaya na haya? Ki tambayi kanki ko dabbar da za ki zaɓa za ta shiga kwando ta bi ku, kuma ko mai gidan haya zai yarda da ita.

Ta fuskar lafiya, idan akwai mai asma a gidan, a gwada zama da dabbar kafin a kawo ta. Kyanwa na iya sa wa yaro makero, don haka ki duba jikinta ko akwai inda gashi ya zube. A ba ta maganin tsutsa, a wanke hannu bayan wasa, mai juna biyu kuma kada ta kwashe kashinta. Ciwon haukan kare yana kama kyanwa ita ma. Ana yi wa dabba rigakafinsa daga wata uku da haihuwa, a riƙa maimaitawa duk shekara, kuma cibiyar binciken dabbobi ta Vom a Jihar Filato tana sarrafa allurar a nan gida Najeriya. Ki tambayi malamin dabbobi na ƙaramar hukuma.

Idan aka ciji yaro ko aka karce shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15 cur, ki duba agogon wayarki, sannan a kai shi asibiti a ranar. Kada a jira a ga ko dabbar za ta haukace, domin da zarar alamun ciwon sun bayyana a jikin mutum kusan babu mai tashi. Tunda ɗanki ba lallai ya zo ya nuna miki ba, ki mayar da lokacin wanka lokacin dubawa: tsakanin yatsu, bayan kunne, ƙeya da ƙafafu.