A Fara Rubuta Hirar da Hausa, Fassara Ta Biyo Baya

Hira tana cikin manyan hanyoyin da ɗaliban ilimin zamantakewa suke bi wajen tattara bayani a kan aure, haihuwa da zaman maza da mata a cikin gida. A jami'o'i irin su Abdou Moumouni ta Yamai, ɗalibi yakan yi hirarsa da Hausa, alhali kundinsa da Faransanci zai rubuta shi. Da yawa sukan saurari muryar da suka ɗauka a waya, su zarce da fassara kai tsaye. Wannan gajeriyar hanya ita ce babbar ɓarakar irin wannan bincike. Wajibi ne a fara rubuta hirar da Hausa, kalma bayan kalma, a yi nazari a kanta, fassara ta zo daga ƙarshe.

Dalili na farko shi ne kalmomin zaman iyali suna ɗauke da hukuncin al'ada. Idan mace ta ce ta yi yaji, tana nufin ta koma gidan iyayenta don nuna ɓacin rai, tana kuma sauraron miji ya zo biko, manya su sasanta. Ɗalibin da ya fassara wannan da cewa ta gudu daga gidan aure ya mayar da hanyar neman haƙƙi ta zama laifi. Haka riƙo yake: yaron da gwaggo ta ɗauka ta rena bai rasa sunan mahaifinsa ba, bai rasa gadonsa ba, saboda haka bai dace a kira shi da kalmar da dokar Turawa take kiran ɗan da aka mayar na wani ba. Sadaki, lefe da gara kowanne da mai bayarwa da mai karɓa. Wanda ya tara su a ƙarƙashin kalma ɗaya ya rufe wa mai karatu ido daga ganin yadda dukiya take kai da komo tsakanin dangi biyu.

Dalili na biyu shi ne kunya. Bahaushiya takan ƙi ambaton sunan mijinta ko na ɗanta na fari, wata kuma ba ta son a ƙidaya mata ƴaƴa. Shirun da ta yi, da dariyar da ta sake, da «wane» ko «maigidan» da ta sa a gurbin suna, duk bayani ne. Rubutun Hausa yana adana su, fassarar gaggawa tana share su. Akwai kuma amsar da ke yaudarar mai tambaya. Matar da aka tambaya ko tana aiki za ta iya cewa a'a, domin a wurinta aiki shi ne na albashi, alhali ƙuli-ƙulinta da furarta suna kasuwa a kan ƴar talla. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina, ta jawo hankalin masana ga wannan ciniki na cikin gida. Da an tambayi matar sana'arta, da amsar ta sauya.

Magabata a wannan fanni sun bar misali. Tsakanin 1949 da 1950, Mary Smith ta zauna da wata tsohuwa a ƙasar Zazzau, tana rubuta labarin rayuwarta da Hausa kamar yadda yake fitowa daga bakinta, sannan ta fassara shi ya fito a 1954 da sunan Baba of Karo. Mijinta, M. G. Smith, bai da damar shiga cikin gidajen matan aure, don haka abin da ta samo ya cike giɓin bincikensa. Haka nan littafin Barbara Cooper na 1997 a kan aure a Maraɗi ya dogara ƙwarai da hira da mata. Darasin da ke nan shi ne, jinsin mai tambaya da wurin da aka zauna suna shafar amsa, kuma tilas ɗalibi ya bayyana su a kundinsa. Hirar da aka yi a gaban miji ko kishiya daban take da wadda aka yi a keɓe.

Masu sukar wannan ra'ayi suna cewa lokaci ƙanƙane ne, rubuta hirar awa ɗaya kuma yana cin awoyi da dama. Gaskiya ne, amma maganinsa shi ne a rage yawan hirar. Hira goma da aka rubuta aka fahimta ta fi hamsin da aka tsakura, tunda mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma maganarsa ake nema.

Saura batun amana. Sauya suna bai isa ba a ƙaramin gari, domin wanda ya rubuta «amaryar limamin unguwa» ya riga ya nuna ta da yatsa. Maganar kishi ko ta saki idan ta koma kunnen miji tana iya kashe aure. Ɗalibi ya nemi izini kafin ya kunna waya, ya ɓoye duk alamar da za ta tona mai magana, ya kuma killace rubutun Hausar nan inda shi da malaminsa kaɗai za su gani.