Amurka ta cire tallafin na'urar ɗumama gida daga ƙarƙashin ƙasa: Wa zai biya kuɗin haƙa?

Tun daga ranar 1 ga Janairun 2026, duk magidancin Amurka da ya sanya na'urar ɗumama da sanyaya gida mai aiki da yanayin ƙarƙashin ƙasa, ba zai ƙara samun rangwamen haraji daga gwamnatin tarayya ba.

Kafin wannan rana, gwamnatin tarayya tana rage masa kashi 30 cikin 100 na kuɗin aikin daga harajin da zai biya. Wanda aikinsa ya ci dala 30,000, alal misali, dala 9,000 ke dawo masa.

Dokar da Joe Biden ya sanya wa hannu a 2022 ta tsawaita wannan rangwame har zuwa 2032. Sai dai dokar haraji da kasafi da Shugaba Donald Trump ya rattaba wa hannu ranar 4 ga Yulin 2025 ta datse shi a ƙarshen wannan shekarar.

Yadda na'urar ke aiki

Duk wanda ya taɓa jan ruwa a rijiya da asubahin hunturu ya san yana fitowa da ɗumi, haka kuma a tsakiyar bazara yana fitowa da sanyi. Ruwan bai canja ba, iskar waje ce ta canja. Da zarar an nutsa 'yan mitoci cikin ƙasa, yanayin kusan ɗaya ne duk shekara, kuma a yawancin sassan Amurka yana tsakanin digiri 10 zuwa 16 a ma'aunin Selsiyas.

Wannan ne jarin na'urar. Ana haƙa rami kamar na rijiyar burtsatse, sau da yawa mai zurfin mita 30 zuwa 120, a zura bututun roba a ciki, ruwa ya riƙa zagayawa. Lokacin sanyi ruwan ya ɗebo ɗumin ƙasa, na'urar ta ƙara masa ƙarfi ta tura cikin ɗakuna. Lokacin zafi kuma ta kwashe zafin gidan ta mayar da shi ƙasa, kamar yadda firji ke fitar da zafi ta bayansa.

Da yake ba ta ƙona mai ko gas, ɗaukar zafi kawai take daga wuri zuwa wuri, duk ma'auni ɗaya na lantarki da ta ci tana ba da ɗumi ninki uku zuwa biyar. Ta fi AC na gama-gari sauƙin cin wuta, domin shi AC yana kokawa ne da iska mai zafi a waje. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta ce bututun da ke ƙasa yana iya wuce shekara 50 yana aiki.

Matsalar tana wajen haƙa. Kuɗin motar haƙa da na ma'aikata ne ke sa aikin ya ninka na sauran na'urori tsada, kuma a tashi ɗaya ake biya, alhali ribar ragin kuɗin wuta sai a hankali take dawowa cikin shekaru.

An taɓa ganin haka

Ba yau aka fara cire wannan tallafi ba. A ƙarshen 2016 wa'adinsa ya ƙare majalisa ba ta sabunta ba, ciniki ya faɗi warwas a 2017, kamfanoni suka rage ma'aikata, har sai da aka dawo da shi a Fabrairun 2018. Babu dalilin da zai sa a yi tsammanin wannan karon zai bambanta ga masu sayar wa magidanta kai-tsaye.

Amma akwai abin da masu kukan cire tallafin ba su cika faɗa ba. Rangwamen haraji sai mai biyan haraji mai kauri yake amfana da shi, kuma sai ya mallaki gida da fili, yana da dubban daloli a hannu ko bankin da zai ba shi bashi. Ɗan haya da mai ƙaramin albashi, waɗanda kuɗin ɗumama gida ya fi gallaba, dama ba su cikin lissafin.

Abin lura kuma, dokar Trump ba ta taɓa rangwamen da kamfanoni da manyan gine-gine ke samu kan irin wannan na'ura ba, duk da ta yi wa na hasken rana da na iska yankan ƙauna. Sakataren Makamashi Chris Wright, wanda ya fito daga harkar haƙar mai da gas, bai ɓoye goyon bayansa ga makamashin ƙarƙashin ƙasa ba. Sana'ar haƙa ce, kuma mutanensa ne suka iya ta.

Gwajin Framingham

Saboda haka idanu suka koma kan wani gari mai suna Framingham a jihar Massachusetts. A watan Yunin 2024 kamfanin gas da lantarki na Eversource ya ƙaddamar da wani tsari a wata unguwa: shi ya haƙa ramuka kusan 90, ya shimfiɗa bututu mai tsawon kusan mil ɗaya a ƙarƙashin titi, ya jona gine-gine 36, ciki har da ofishin 'yan kwana-kwana da gidajen masu ƙaramin ƙarfi.

Ma'ana, ba kowa da raminsa ba. Kamfani ke ɗaukar nauyin haƙa, jama'a su riƙa biya a hankali kamar yadda suke biyan kuɗin gas. Wata ƙungiya mai zaman kanta da ake kira HEET ce ta daɗe tana tallata wannan dabara, kuma jihar New York ta yi doka a 2022 da ta umarci manyan kamfanoninta su gwada irinta.

A ganina nan ne makomar fasahar take a Amurka. Kamfanonin gas suna kashe maƙudan kuɗi wajen sauya tsofaffin bututu da ke yoyo, kuma duk bututun da aka binne yau sai an shafe shekaru masu yawa ana cire kuɗinsa a jikin masu amfani da shi. Idan dai dole a tone titi, tambayar ita ce wane bututu za a binne.

Sai dai kada a yi saurin tafi. Aikin Framingham gwaji ne, ya ci kuɗi mai yawa idan aka raba shi kan yawan gidajen, kuma sauran kwastomomin kamfanin ne suka tallafa da kuɗinsu. Gyaran tsofaffin gidaje domin su karɓi na'urar shi ma ya ɗauki kaso babba. Kamfanin yana shirin faɗaɗa tsarin zuwa unguwar da ke maƙwabtaka, kuma abin da hukumomin jihar za su duba shi ne ko kuɗin jona kowane gida ya sauko a zagaye na biyu.