Wasiƙa zuwa ga masu saƙar safa a Damagaram

Iyayena, yayyena da ƙannena masu saƙa, na Birni da na Zango da na Sabon Gari.

Ga hunturu ya ƙarato, na san ulu ya fara fitowa daga ƙasan akwati. Kafin ku ɗora zare a kan tsinke, ina da magana a kan safa. Hula da rigar jariri mun iya su, ba mai ja da mu. Safa ce har yanzu muke saƙa ta da ka, mu ce wannan ta yaro ce, wannan ta babba, kamar duk manya ƙafarsu ɗaya.

Ku leƙa kasuwar Dole ku ga tulin safar Sin da ta gwanjo. Kuɗin ulun da za ki saƙa ƙafa biyu ya isa a sayi irin waɗannan, har a ba da canji. Ba za mu taɓa kayar da su a araha ba. Abin da injin masana'anta bai iya ba shi ne ya san ƙafar Malam wane, mai faɗin tafi da kumburin idon sawu. Ke kin iya, in kin auna. Awon nan shi ne abin da za ki sayar.

Ba baƙon abu ba ne a garin nan. Baduku ba ya yanka fata sai ya tsayar da mai takalmi a kan kwali ya zagaye ƙafarsa da alƙalami. Mu ma haka ya kamata. A auna mutum yana tsaye, nauyinsa a kan ƙafar, kuma da yamma, domin ƙafa takan ɗan kumbura in an wuni ana yawo. A auna duka biyun, sau da yawa ɗaya ta ɗara ɗaya. Awo huɗu ake so: tsawo daga dunduniya zuwa yatsan da ya fi tsawo, kewayen tafi a inda ya fi faɗi, wato gindin yatsu, kewayen ƙwauri a inda bakin safar zai tsaya, sai wanda aka fi mantawa, a zagayo tef daga ƙarshen dunduniya ta gadon ƙafa. Nan ne safa take maƙalewa in ana sa ta. In mai ita namiji ne ba muharraminki ba, ki aika yaro da zare ya ƙulla alama a kowane awo, ya zo miki da hoton ƙafar a kwali. Magana ta ƙare.

To, sai lissafi, kuma kada ya ba ki tsoro. Ki fara saƙa ɗan ƙyalle da ulun da tsinken da za ki yi aikin da su, ki ƙirga ido nawa ne a santimita 10. A ce kin samu 25, kewayen tafin kuma santimita 23 ne. Ki rage kashi ɗaya cikin goma, domin safa tana son ta ɗan kama jiki, in ba haka ba ta zame ta taru a ƙarƙashin tafi. Saura kusan 21. Ido 52 ke nan za ki ɗora, kuma ya rabu huɗu daidai. Hannu ya bambanta: wata tana ja da ƙarfi, wata tana saki, shi ya sa adadin da maƙwabciyarki ta ba ki ba lallai ya yi miki ba. Ki rubuta awon kowa a littafi da sunansa, baɗi ba sai an sake ba.

Dunduniya ita ce inda ake gane gwana. A lokacin sanyi ƙafafunmu faso ne da kaushi, suna kama zare suna tsinka shi ɗaya bayan ɗaya, sai ki ga safar da kika ɓata dare a kanta ta huje kafin hazo ya wuce. Ulun safa na Turai yawanci kashi 75 gashin tumaki ne, kashi 25 nailan, saboda ƙarko. Namu na kasuwa galibi na roba ne, yana sa gumi, yana kuma saki. Ki haɗa shi da zaren ɗinki mai ƙarfi a dunduniya da kan yatsu, ki matse saƙar wurin fiye da sauran jiki.

Akwai kuma abin da nake mamakin ba mu yi ba. Yawancinmu silifas muke sawa, mai hanci tsakanin yatsu, sai ka ga dattijo zai tafi sallar asuba yana tura safa da ƙarfi cikin hancin takalmi. A gidan tarihi na Victoria da Albert a Landan akwai jar safa da aka tono a Masar, ta fi shekara 1500, an ware mata ɗakin babban yatsa daban don a sa ta da takalmi mai hanci. Mutanen Japan har yau suna sa irinta. Aikin ƴan mintoci ne a ƙarshen saƙa, kuma ban ga abin da zai hana ta karɓuwa a nan ba. Mai son shafa a kai wajen alwala kuwa, a mazhabar Malikiyya sai an lulluɓe safar da fata sama da ƙasa. Wannan ciniki ne tsakaninki da baduku, ga majema a gari.

Wuri biyu ne ba a wasa da su. Safar jariri, kada a ɗaure bakinta da zare ko roba mai matsewa. In kin cire kin ga shatinta a fata, ta yi kaɗan. Sai mai ciwon suga, wanda ƙafarsa kan daina jin zafi: ƙulli ɗaya ko kaurin ɗinki a kan yatsu yana iya yi masa rauni bai sani ba, raunin kuma ya ƙi warkewa. Tasa a yi ta da zare mai laushi, ba ƙulli a ciki, baki sakwa-sakwa, launi mai haske don a ga jini ko ruwa in ya fito.

Roƙona gare ku, musamman masu koyar da ƴan mata: a bana kada ku bar ɗaliba ta ɗora ido ko ɗaya sai ta nuna muku awon ƙafar da za ta sa safar. Allah ya yi wa sana'a albarka.

Wassalam, daga ƴar'uwarku a sana'a.