Yatsa ma yana bin mu bashi

Duk wanda ya riƙe tsohuwar Nokia mai maɓallai ya san ana iya rubuta saƙo hannu na cikin aljihu. Akwai ɗan tudu a kan lamba 5. Da yatsa ya lalubo shi, sauran sun samu. Wayar shafa ta zo ta share wannan duka. Gilashi ne sumul, ido kaɗai ke jagora.

Tun daga nan kamfanoni ke neman yadda za su mayar wa yatsa abin da aka ƙwace masa. BlackBerry ta gwada a 2008 da wayar Storm, wadda fuskarta gaba ɗaya ke lotsawa idan an danna, amma ba ta karɓu ba. A 2016 Apple ta cire maɓallin gaske daga iPhone 7, ta bar wurin da ba ya motsi ko kaɗan. Wani ɗan inji a ciki, Taptic Engine, shi ke bugun yatsa daidai lokacin dannawa, har ka rantse maɓalli ya nutse. Kashe wayar ka danna, za ka ji shiru.

Bambancin da ke tsakanin wayoyi wajen wannan bugun yana ga irin injin. Yawancin wayoyi masu araha suna da wanda ke juya ɗan ƙarfe mai nauyi a gefe guda. Yana jinkirin tashi, yana jinkirin tsayawa, shi ya sa kake jin zirrr bayan ka ɗaga yatsa, mutane da yawa kuma suka gwammace su kashe shi. Inji mai kyau kuwa maganaɗisu ne a kan sifirin, yana kai-komo a layi ɗaya, ya buga ya tsaya cak.

Abin da ke damuna shi ne ana ɗaukar wannan a matsayin ƙawa ta masu kuɗi. Makahon da ke aiki da TalkBack, manhajar da ke karanta masa allo, a tsakiyar hayaniyar kasuwa, inda muryar waya ke ɓacewa, da wannan bugun yake gane cewa umarninsa ya shiga. Haka dattijon da ido ya fara rauni yana shigar da lambar sirrinsa zai tura kuɗi. Irin waɗannan kuwa suna cikin masu sayen waya mai araha.

Je ka kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ka saurari ciniki: kyamara nawa, batir yana daɗewa, memori fa? Kamfani kan rage kuɗi ne a inda mai saye ba ya tambaya. Masu bitar wayoyi da Hausa a YouTube su riƙa faɗa mana yadda waya ke amsa wa yatsa, mai saye kuma ya buɗe allon rubutu ya gwada kafin ya biya.