Lissafi a Rayuwa: Awa nawa ne daga Kano zuwa Jidda?

Ƙannena ɗalibai, duk shekara maniyyatanmu na Tudun Wada, Kiru, Bebeji da Doguwa kan tashi zuwa Saudiyya daga filin jirgin Malam Aminu Kano. Daga Kano zuwa Jidda ta sama kusan kilomita 3,400 ne. A raba nisa da gudu, a sami lokaci: jirgin da ke gudun kilomita 850 a awa zai cinye tazarar cikin awa 4.

Amma tafiyar kan kai awa huɗu da rabi ko fiye, domin jirgi ba ya tashi da cikakken gudu, kuma a hankali yake sauka. A gajeriyar tafiya abin ya fi fitowa fili. Landan zuwa Faris kusan kilomita 340 ne, lissafi ya ce minti 24, amma jirgi kan ci fiye da awa ɗaya.

Inda ɗalibai ke zubar da maki a WAEC shi ne agogo. Najeriya na bin layin digiri 15 gabas, Saudiyya na bin 45. Kowane digiri 15 awa ɗaya ne, ke nan sun riga mu da awa 2. Alhajin da ya tashi ƙarfe 10 na safe, ya sauka 4:30 na yamma agogon Jidda, awa huɗu da rabi ya yi a sama, ba shida da rabi ba.

Aikin wannan mako: jirgi ya baro Jidda ƙarfe 8 na dare, ya yi awa 5. Ƙarfe nawa zai sauka agogon Kano? Amsa sai mako mai zuwa.